Sana'ar Jeren Gidan Sayarwa a Amurka: Yadda Farin Fenti Ke Tona Asirin Wanda Bai Ƙware Ba

A shekarar 1972, wata dillaliyar gidaje mai suna Barb Schwarz, wadda ke aiki a garin Bellevue na jihar Washington ta Amurka, ta lura da cewa da yawa daga cikin gidajen da ake ba ta ta sayar suna daɗewa a kasuwa ne ba don wani aibi na gini ba, sai don tarkacen da masu su suka cika su da shi. Da yake ta taɓa harkar wasan kwaikwayo, sai ta soma shawo kan masu gidajen su bari a shirya ɗakunansu kamar yadda ake shirya dandali kafin 'yan kallo su shigo. A kwashe abin da ya yi yawa, a sake wa kujeru wuri, a buɗe labule, a shafa fenti inda ya koɗe. Daga wannan ne aka sami wata sana'a mai zaman kanta, wadda a yau dubban mutane ke ci da ita a Amurka da Kanada da Ingila da Ostareliya.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga tunanin. Duk wanda ya ga 'yan jere sun wuni a ɗakin amarya suna daidaita gado da kujeru da kwanuka ya san cewa shirya ɗaki aiki ne mai buƙatar ido. Sai dai akwai bambanci babba. Jeren amarya ana yin sa ne don a nuna ko wace ce mai ɗakin da kuma abin da iyayenta suka yi mata. Shi kuwa jeren gidan sayarwa, manufarsa ita ce a ɓatar da sawun mai gidan baki ɗaya, a sauke hotunan iyalinsa, a ɗauke kayan da ke nuna ɗabi'arsa, ta yadda baƙon da ya shigo zai ga kansa a cikin gidan maimakon ya ga wanda zai fita.

Sana'ar ta bunƙasa ne a hankali. Tashar talabijin ta HGTV, wadda aka buɗe a Amurka a 1994, ta saba wa jama'a da kallon gyaran gidaje, sannan a Ingila shirin House Doctor na Ann Maurice, wanda aka fara nunawa a 1998, ya yi irin wannan aiki. Amma abin da ya fi kome canza kasuwar shi ne intanet. Binciken ƙungiyar dillalan gidaje ta Amurka, watau NAR, ya daɗe yana nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu sayen gida suna dubawa a intanet yayin da suke nema. Ke nan hoto ne ke fara yin ciniki, kuma gidan da bai yi kyau a hoto ba, mai saye ba zai ɓata man motarsa ya je dubawa ba.

Dangane da ko jeren yana ƙara wa gida kuɗi, magana ta rabu biyu. A rahoton da NAR ta fitar a 2023, kashi 81 cikin ɗari na dillalan da ke wakiltar masu saye sun ce jere yana sauƙaƙa wa mai saye ya hango gidan a matsayin nasa, kuma kashi 20 cikin ɗari sun ce yana ƙara farashin da ake tayawa da kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari. Da yake matsakaicin farashin gida a Amurka ya ɗan haura dala 400,000 a 2024, ko kashi 1 cikin ɗari ya kai dala 4,000. To amma wannan ra'ayin dillalai ne, ba lissafin ciniki ba. Wani nazari da Farfesa Michael Seiler na jami'ar William and Mary da abokan aikinsa suka buga a 2015, inda aka zagaya da mutane sama da 800 cikin gida ɗaya ta kwamfuta ana canza musu launin bango da kayan ɗaki, ya gano cewa jere mai kyau yana gyara yadda mutum ke kallon gida, amma bai sa sun yarda su ƙara kuɗi ba. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne, gidan da aka shirya yana jawo masu dubawa, kuma kowane wata da gida ya ƙara a kasuwa mai shi yana biyan kuɗin ruwan banki da haraji da inshora.

Takarda ko ƙwarewa

Babbar matsalar sana'ar ita ce ba ta da ƙofa. A Amurka dillalin gidaje sai da lasin daga jiharsa, bayan ya yi karatu ya ci jarrabawa. Mai jere kuwa, babu lasin na gwamnati da ake nema daga gare shi, ko yau mutum ya buga katin kasuwanci ya zama ɗan sana'a. Wannan giɓi ne kamfanoni masu zaman kansu suka cike da kwasa-kwasai. Ita kanta Barb Schwarz ta kafa kwas mai ba da shaidar da ake kira ASP, kuma a 1999 ta kafa ƙungiyar IAHSP ta masu wannan sana'a. A 2007 aka kafa wata ƙungiyar mai suna RESA, wadda ke tantance makarantun horaswa, tana da ƙa'idojin ɗa'a ga membobinta, tana kuma shirya taron shekara-shekara.

Wasu daga cikin kwasa-kwasan kwana biyu ne ko uku, wasu kuma ana yin su ta intanet cikin makonni. Ba laifi ba ne, domin akwai abubuwan da sabon shiga zai koya a cikinsu waɗanda idan ya bari sai aiki ya koya masa zai sha asara. Akwai yadda ake tsara yarjejeniya da mai gida, da yadda ake yanke farashi, da bambancin gidan da mutane ke ciki da wanda yake fanko. A na farko mai jere yakan zagaya ne ya rubuta wa mai gida abin da zai gyara, ya yi aiki da kayan da ya tarar. A na biyu kuwa sai ya kawo kujeru da gadaje da dardumai da fitilu nasa, ya ba da su haya wata-wata har a sayar da gidan. Wannan ɓangare na biyu ciniki ne na jari sosai, yana buƙatar sito, da motar ɗaukar kaya, da leburori, da inshorar abin da zai fashe ko ya ɓata. Mutane da dama sun shiga sana'ar don suna son ado, suka fita saboda ba su iya lissafin hayar sito ba.

Sai dai takardar shaida ta kwana uku ba ta ba mutum ido. Dillalan da suka daɗe a kasuwa sun fi duba hotunan ayyukan da mutum ya yi a baya, kuma akwai tambaya guda da ke saurin raba gwani da ɗan koyo. Ita ce tambayar da kusan kowane mai gida ke yi, wane farin fenti za a shafa wa gefe-gefen ɗaki?

Fari ba ɗaya ba ne

Abin da ake nufi da gefe-gefen ɗaki shi ne katakon da ke bin gindin bango, da firam ɗin ƙofofi da tagogi, da su kansu ƙofofin, da adon da ke haɗa bango da silin. A gidajen Amurka yawancinsu katako ne, kuma bisa al'ada fari ake shafa musu. Su ne suka fi shan bugun ƙafa da tsintsiya da hannun yara, saboda haka su ne ke fara nuna tsufan gida. Sabunta su yana daga cikin gyare-gyare mafi araha, domin galan ɗaya na Amurka, watau lita 3.8, yakan rufe murabba'in ƙafa 350 zuwa 400, wanda ya isa gefe-gefen ɗakuna da yawa.

Wanda bai sani ba zai ce ai fari fari ne. Kamfanin Benjamin Moore kaɗai yana da jerin farare sama da 150. Dalili shi ne, kusan babu farin da ake sayarwa tsantsarsa. Abin da ke ba fenti farinsa hoda ce ta sinadarin titaniyom, wadda ake samu daga ma'adinai irin wanda ake haƙa a Saliyo da Afirka ta Kudu da Ostareliya. A kan wannan ne ake ɗiga wani launi kaɗan, ko baƙi, ko rawaya, ko ruwan ƙasa, ko shuɗi. Ɗigon ba ya fitowa a cikin gwangwani, amma da zarar an shafa fentin kusa da wani abu sai ya bayyana. Fari mai ɗigon rawaya yana karkata zuwa ruwan madara, shi ake cewa mai ɗumi. Mai ɗigon shuɗi ko toka kuwa yana fitowa fari fat kamar takarda, shi ake cewa mai sanyi.

Masu sana'ar suna da wasu sunaye da suke komawa gare su kullum. A wajen Benjamin Moore akwai White Dove, mai ɗan ɗumi da alamar toka, da Chantilly Lace, wanda ke cikin mafi tsabtar farare, da Simply White mai ɗan karkata zuwa rawaya. A wajen Sherwin-Williams akwai Alabaster da Pure White da Extra White. A 2016 kamfanonin biyu duk fari suka zaɓa a matsayin launin shekara, na farko Simply White, na biyu Alabaster, abin da ya nuna inda kasuwa ta dosa a lokacin.

Akwai kuma ma'auni da ake kira LRV, wanda ke nuna yawan hasken da launi ke mayarwa, daga 0 ga baƙi ƙirin zuwa 100 ga fari tsantsa. Alabaster yana kan 82, Pure White 84, Extra White 86. Tazarar kamar ba kome, amma a bango ido yana ganinta. Amfanin lambar shi ne ta taimaka a san ko gefen zai fita daban da bangon ko kuwa zai narke a cikinsa. Abin da ba ta faɗa shi ne ɗigon da ke ciki, saboda haka farare biyu masu lamba ɗaya suna iya yin faɗa idan an haɗa su.

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi yawa. Mai gida yana da kabad ɗin kicin ruwan madara, ko tayil mai launin ƙasa-ƙasa, waɗanda ba za a canza su ba. Ɗan koyo sai ya zaɓi fari fat don a ga tsabta. Da fenti ya bushe, sai kabad ɗin da jiya yake da kyau ya koma kamar wanda hayaƙi ya daɗe yana duka, mai saye kuma ya soma lissafin kuɗin sabon kicin yana cirewa daga tayinsa. Haka nan idan aka juya, fari mai ɗumi kusa da marmara mai launin toka ko tagogin roba farare fat, shi ne zai zama kamar ya yi datti. Ƙa'idar da gwanaye ke bi ita ce, ba daga katin launi ake farawa ba, daga abin da ba ya motsi a gidan ake farawa, watau daɓe da tayil da kabad da firam ɗin taga. Fenti shi ne na ƙarshe, domin shi ne mai sauƙin canzawa.

Sannan ga haske. Kwan lantarki mai lamba 2700 a ma'aunin Kelbin yana ba da haske mai rawaya, wanda ke ƙara wa fari mai ɗumi rawaya har ya wuce kima. Mai lamba 5000 zuwa sama yana ba da haske mai shuɗi-shuɗi, wanda ke sa fari mai sanyi ya zama kamar na ɗakin asibiti. Don haka mai jere da ya san aikinsa yakan daidaita ƙwayayen lantarkin gida su zama iri ɗaya kafin ya yanke shawara a kan fenti. Bayan haka sai ya shafa samfuri a kan faffaɗan kwali, shafi biyu, ya jingina shi a tsaye kusa da tayil da kabad, ya duba da safe da azahar da kuma dare. Ɗan katin da ake bayarwa a kanti bai kai tafin hannu ba, kuma a ƙarƙashin fitilar kanti aka gan shi.

Bayan launi sai ƙyalli. Bango akan yi masa fenti marar ƙyalli ko mai ɗan kaɗan, amma gefe-gefe an fi yi musu mai matsakaicin ƙyalli, domin ya fi jure goga da wanki. Illarsa ita ce yana fallasa duk wani rami ko tabo da ke jikin katako, saboda haka tsohon katako sai an cike shi an goge. Wata dabara da ta yaɗu ita ce a shafa fari ɗaya a bango da gefe da silin, a bambanta ƙyallin kawai. Wannan yana kawar da haɗarin farare biyu su yi faɗa, yana sa ƙaramin ɗaki ya yi kamar ya ƙara faɗi, yana kuma rage yawan gwangwanayen da za a saya.

Inda abin ya wuce ado

Tsofaffin masu fenti sun fi son fenti mai mai a kan katako, saboda yana kwanciya sumul kuma yana da ƙarfi. Aibinsa shi ne yana komawa rawaya da daɗewa, musamman a wuraren da rana ba ta kaiwa, kamar bayan ƙofa da cikin kabad. Bayan da Tarayyar Turai ta ƙara tsaurara dokar rage sinadarai masu tashi a iska daga 2010, aka canza haɗin irin wannan fenti, masu gidaje a Ingila suka yi ta kukan cewa farin yana rawaya cikin 'yan watanni. Fenti mai ruwa na zamani ba ya yin haka, kuma yana bushewa da wuri, abin da ke da muhimmanci ga gidan da mai hoto zai zo jibi.

To amma fenti mai ruwa ba ya kama jikin tsohon fenti mai mai sai an goge shi da samfefa an yi masa shafin farko na musamman. Idan ba a yi haka ba, farce ma yana ɓare shi. Gwajin mai sauƙi ne, a jiƙa auduga da sifirit a goga, idan fenti ya biyo audugar mai ruwa ne, idan bai biyo ba mai mai ne.

Gugar nan da samfefa kuwa ita ce ta kai maganar ga doka. Kafin hodar titaniyom ta mamaye kasuwa a ƙarni na 20, farin fenti da dalma ake yin sa. Tun 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniyar taƙaita amfani da farar dalma a fentin cikin gida, amma Amurka ba ta haramta fentin dalma a gidajen zama ba sai a 1978. Tagogi da ƙofofi da katakon gindin bango suna cikin wuraren da aka fi samunsa a tsofaffin gidaje. Ƙurarsa tana lalata ƙwaƙwalwar yara ƙanana, kuma 'yan Nijeriya sun ga abin da dalma ke yi a jihar Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya ta kashe ɗaruruwan yara. Wata dokar Amurka ta 1992 ta wajabta wa mai sayar da gidan da aka gina kafin 1978 ya bayyana abin da ya sani game da dalma a gidan, a kuma ba mai saye damar kwana 10 ya sa a bincika. Daga 2010 kuma hukumar kare muhalli ta ƙasar ta wajabta cewa duk ɗan kwangilar da zai taɓa fenti fiye da murabba'in ƙafa 6 a ɗakin irin wannan gida sai ya kasance yana da shaidar horo. Mai jeren da ya ce wa mai gida ya sami wani yaro ya goge katakon ya shafa fari, ba tare da ya tambayi shekarar da aka gina gidan ba, ya jefa kowa cikin haɗari. Wannan shaidar horo ce da gwamnati ke tsayawa a kanta, kuma a hannun mai fenti take, ba a hannun mai jere ba.

Abin da ya shafi kasuwar Nijeriya

A Legas da Abuja sana'ar ta soma shigowa ta ƙofofi biyu. Kamfanonin da ke gina rukunin gidaje a wurare irin su Lekki sukan ƙawata gida ɗaya a matsayin samfuri don masu saye, sannan masu ba da hayar gidaje na 'yan kwanaki sun dogara ne kacokan a kan hoton da suka sa a intanet. Yawancin masu yin aikin masu adon cikin gida ne, waɗanda ke da ƙungiyarsu ta IDAN tun 2007. Matasa da dama kuma suna biyan dala suna yin kwasa-kwasan Amurka ta intanet.

Wanda ya yi irin wannan kwas ya kamata ya tace abin da aka koya masa. Alal misali, ana koyar da cewa ɗakin da tagarsa ke kallon arewa haskensa mai sanyi ne, don haka a ba shi fari mai ɗumi. Wannan gaskiya ne a ƙasar da rana ke bi ta kudancin sama duk shekara. A Abuja da Legas kuwa, daga wajen watan Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana da tsaka tana karkata ne ta arewa, saboda haka ƙa'idar ba ta zauna ba. Abin da ya fi tasiri a nan shi ne gabas da yamma, da kuma jar ƙasar tsakar gida ko katangar maƙwabci da ke mayar da launinta cikin ɗaki.

Haka nan kayan aikin sun bambanta. Gindin bango a yawancin sababbin gidajen Nijeriya tayil ne, tagogi na alminiyom ne, ƙofofin waje na ƙarfe. Farin da ya fi ɗaukar ido shi ne na silin ɗin P.O.P da adon gefensa, kuma ƙwayayen lantarkin da suka fi yawa a kasuwa masu farin haske ne ƙwarai. Sunayen farare na Amurka ba su ne ke kan kantunan Berger Paints, wanda ke aiki a ƙasar tun 1959, ko na CAP mai yin Dulux ba. Ana iya haɗa mai kama da su a na'urar haɗa launi, amma da wuya ya fito daidai, domin kowane kamfani da irin farin da yake farawa da shi. Hanyar da ta fi aminci ita ce a zaɓa daga katin kamfanin da za a saya a wurinsa.

Farashi ma abin lura ne. Masana'antun fenti na Nijeriya suna shigo da hodar titaniyom daga waje, saboda haka tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023 kuɗin fenti ya bi dala. Fari mai araha yawanci an rage masa wannan hoda an cika shi da alli, sai ya buƙaci shafi uku ko huɗu inda mai kyau zai rufe da biyu, ga kuma ladan mai fenti na ƙarin kwanaki. Idan aka sayi bokiti da yawa, masu fentin da suka ƙware sukan juye su a mazubi ɗaya su gauraya kafin a fara, don kada bango guda ya fito da fari iri biyu. A lokacin hunturu kuma, ƙura tana manne wa fenti mai mai tun bai bushe ba, don haka akan rufe tagogi a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a ɗauki buroshi, a kuma kira mai hoto cikin kwana ɗaya ko biyu da gama aiki.